Gida Naka, Makunni A Hannun Wani

'Yan'uwa ɗalibai da samarin ma'aikata, akwai wani ƙaramin akwati da ya fara samun gindin zama a gidajen 'yan boko, watau na'urar sarrafa gida. Aikinta shi ne ta haɗa fitilu da fanka da makullin ƙofa wuri guda, har mutum ya kunna ko ya kashe da wayar hannu. Abin gwanin ban sha'awa ne, sai ranar da waya ta ce ba ta iya saduwa da akwatin ba. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda bai iya gano inda cutar take ba a wannan rana, kuma fitilarsa ba ta kamawa sai da izinin wani kamfani a ƙetare, to haya yake yi a gidan kansa.

Gano cutar ba tsafi ba ne, bin tsari ne daga kusa zuwa nesa. Da fari a duba wuta da kebul. In an ɗauke lantarki aka maido, akwatin kan riga rauta farkawa, ya nemi adireshi bai samu mai amsawa ba. Maganinsa a kashe duka biyu, a kunna rauta tukuna, a jira minti biyu ko uku, sa'an nan a kunna akwatin. Na biyu, adireshin da rauta ke bayarwa aro ne, tana iya sake shi, waya kuwa ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Sai a shiga saitin rauta a keɓe wa akwatin adireshi guda na dindindin. Na uku, yawancin ƙananan na'urori zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, ba sa jin na 5. Daɗin daɗawa, Zigbee, watau harshen da fitilu da yawa ke magana da shi, a zangon 2.4 yake shi ma, sabo da haka ajiye akwatin jikin rauta kamar haɗa masu shela biyu ne a zaure ɗaya. Na huɗu, agogo. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir, in kwanan watanta ya karkace sai ta ƙi amincewa da shaidar tsaro. Amma share akwatin kaf a maida shi sabo, wannan kada a yi gaggawarsa, domin aikin watanni zai tafi cikin minti guda.

To, in an bi duk wannan abu ya ƙi fa? A nan ne gizo ke saƙa, domin sau da yawa laifin ba a gidan yake ba. A Amurka, kamfanin Nest ya sayi Revolv a 2014, kana a watan Mayu na 2016 ya kashe manyan kwamfutocinsa, akwatin da aka saya kusan dala 300 ya zama dutse. A watan Afrilu na 2022 Insteon ya rufe nasa ba sallama, mutane suka yi ta zare kebul suna maidawa, sai da wasu masu amfani da shi suka saye kamfanin a watan Yuni aka farfaɗo. Ran 7 ga Disamba 2021 tangarɗar kwamfutocin Amazon ta sa ƙararrawar ƙofa ta Ring ta ƙi biyayya. Mu ma mun ɗanɗana, ran 14 ga Maris 2024 kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya da Gana. In masu wuta dare da rana sun sha wannan wuya, ina ga mu?

Wani zai ce wannan damuwar masu hannu da shuni ce. Ko kusa! Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi muna sa hannu a takardun sayen irin waɗannan kaya domin asibitoci da makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ƙofar ɗakin magani da ba ta buɗuwa sai intanet ya yarda ba ci gaba ba ne.

Sabo da haka kafin mu miƙa kuɗi, mu yi wa mai sayarwa tambaya guda: in aka yanke intanet, fitila za ta kama? In ya yi inda-inda, mu wuce. Akwai hanyoyin da ke aiki cikin gida kawai, kamar Zigbee da Z-Wave, da ƙa'idar Matter da ta fito a 2022, da manhajar Home Assistant da aka fara a 2013, wadda kowa ke da izinin duba cikinta. Mu bar makunnin bango a wurinsa, mu riƙe mabuɗin ƙarfe a aljihu. Ku kuma 'yan sashen injiniya, ga fage nan gare ku, ku ƙera mana abin da ya san halin wutarmu. Mu dai mun ce wanda ya hau dokin aro, ko ina mai shi ya ga dama zai sauke shi. Allah ya sa mu gane.