Jirgin tsoro: ina iyakarsa?

Mai karatu, a ƙasashen waje akwai filayen wasa inda mutane ke biyan kuɗi don a tsorata su. Wani ɗan jirgi ne bisa dogon ƙarfe. Sai a hau da shi can sama, a sako shi ƙasa da gudu, mutane na ciki suna ta ihu. Faransawa na ce masa "duwatsun Rasha".

A shekarar 2005 aka buɗe wani a Amurka, sunansa Kingda Ka. Tsawonsa mita 139. Don ka gane, hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce. Ka ɗora biyar bisa juna, ba su kai shi ba. Cikin daƙiƙa uku da rabi gudunsa ya kai kilomita 206 a awa. Tafiyar duka ba ta cika minti guda. A 2024 aka rufe shi, a 2025 aka rushe shi. Ko shekara 20 bai yi ba.

Wasu kuma gangara suke gasa. Bango tsaye digiri 90 ne. To, Takabisha na ƙasar Japan, da aka buɗe a 2011, gangararsa digiri 121 ce. Ke nan ya wuce tsaye, ya lanƙwashe ciki, kai na neman komawa ƙasa.

Ni ban ce masu hawa mahaukata ba ne. Yaron da ke lilo bisa reshe shi ma wannan faɗuwar gaban yake nema, kuma da daɗi. Da masu ginawa nike magana. Kowane na son a ce nasa ya fi na kowa, don tikiti ya sayu. Ƙarfe ana iya ƙara masa tsawo, amma wuyan mutum fa? Shi wa zai ƙara masa ƙarfi?

A filin da Takabisha yake, an yi wani jirgi, Do-Dodonpa, mai kai kilomita 180 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Jirgin bai kauce daga dogo ba, kowa na ɗaure a kujerarsa, amma wasu suka sauko da karaya a wuya ko a baya. A 2021 aka tsaida shi, a 2024 masu filin suka ce ba za a sake hawansa ba.