Waiwaye: Zamanin da kunne yake riga littafi

Ranar 19 ga Oktoba, 1959, Muryar Amurka ta fara watsa wani shirin Turanci na musamman domin masu koyo. Ƙa'idojinsa ba su da yawa. Kalmomi kusan 1,500 ake ta juyawa, kowace jimla gajera ce mai ɗauke da batu ɗaya, mai karanta labarai kuma yakan sassauta zuwa kashi biyu bisa uku na saurin da aka saba. BBC ta riga ta, don tun 1943 take koyar da Turanci ta rediyo.

Masu shekaru irin nawa za su tuna yadda waɗannan shirye-shirye suke iso mana ta gajeren zango, murya tana tafiya tana dawowa, ana ta murɗa eriya. Malaman firamare da akawuna da ɗaliban kwalejojin horon malamai su ne manyan masu saurare. Da yawansu ba za su iya zayyana maka dokokin nahawu ba, amma in suka buɗe baki sai ka ji kowace kalma ta faɗa gurbinta.

Gurbin nan kuwa shi ne matsalar Bahaushe. Ginshiƙin jimlar Hausa da na Turanci iri ɗaya ne: aikau, aikatau, karɓau, kamar a "Audu ya sayi doki". Wannan kamar ce take yaudarar ɗalibi, ya ɗauka musanya kalmomi kawai zai yi. Sai an shiga ciki ake ganin bambanci. Mu mukan ce "dawaki uku", Bature kuwa adadin yake fara kawowa. Mukan ce "gidan Audu", shi kuma galibi mai gidan yake fara ambata kafin gidan. Korewarmu takan rungume magana gaba da baya, "ba zai zo ba", tasa guda ɗaya ce a tsakiya. Wajen tambaya mu sai mu bar jimla yadda take mu ɗaga murya, ko mu sa "shin". Shi galibi sai ya ciro wata kalma daga gaban aikatau ya kai ta farkon jimla. Ga kuma "ya" ɗin nan ta "Audu ya tafi", wadda Hausa ba ta yi sai da ita, shi ya sa yara suke cusa wakilin suna bayan suna a Turancinsu.

Ana iya rubuta duk wannan a allo, a haddace, a ci jarrabawa. Amma mai magana ba shi da lokacin tuno doka. Wanda ya ji tambayar Turanci ta fito daidai dare bayan dare, ranar da aka juya ta kunnensa ne zai fara ƙi, kamar yadda mai girki take gane gishiri ya yi yawa ba tare da awo ba.

A ganina ƙarancin abin saurare ma ya taimaki mutanen da. Shiri ɗaya ne, lokacinsa sananne, in ya wuce ya wuce, don haka ake tattara hankali. Wasu har shifta suke yi wa kansu: su ji, su rubuta, su maimaita da ƙarfi. Yau wayar hannu cike take da Turanci, darussan BBC ma suna nan kyauta a intanet, amma yatsa ba ya barin kunne ya zauna. Kafin jimla ta ƙare an tsallaka wani bidiyo.

Malaman Turanci, ku ware minti goma na kowane darasi. Ku kunna gajeren labari ɗaya sau uku, yara su maimaita, su rubuta, sannan a buɗe littafin nahawu.