A bar mu mu taɓa kwamfuta, a kuma gyara mana zama

 

Mu ƴan ajin ƙarshe muna da magana a kan ɗakin kwamfuta. A ganinmu tsoron da ake yi wa na'urar nan ya yi yawa, har yana cikin abin da ke sa wasunmu su fito daga ɗakin suna yarfe hannu.

Iyayenmu suna tsoron kada yaro ya ga abin da bai dace ba. Gaskiyarsu ce, ba mu raina ta ba. Amma ai salula ce ke shiga ɗaki da dare ba mai gani. Kwamfutar makaranta a fili take, malam na tsaye a bayanka. Mu kuma ɗalibai tsoronmu daban ne: kada ka danna wani wuri ta mutu, a ce baba ya biya. To, danna madanni bai ƙona kwamfuta. Ko rubutu ka goge bisa kuskure, ka riƙe Ctrl ka danna Z, sai ga shi ya dawo. Abin da ke kashe ta shi ne ƙurar hunturu, da zafi, da ruwa, da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Maganin wannan ƙyallen rufewa ne da zare waya, ba kwaɗo a ƙofa ba.

Batun hannu kuwa, mu da muka tashi da allo bai kamata ya zame mana baƙo ba. Wa ya manta ranar da ya fara riƙe alƙalami? Ka damƙe shi kamar zai gudu, tawada ta malale, yatsu su sage. Sai malam ya ce sassauta. Haka mai tsoro yake yi wa linzamin kwamfuta. Ya ɗage kafaɗa, ya ƙanƙame linzamin, yana sukar haruffa da yatsa ɗaya kamar mai shuka gero. Ina hannu ba zai yi ciwo ba?

Akwai wata jijiya da ta ratsa ta wuyan hannu zuwa babban yatsa da manuniya da ɗan tsakiya. In mutum ya daɗe da wuyan hannu a lanƙwashe, ko ya danne shi a gefen tebur, tana iya matsuwa, sai yatsun su riƙa mutuwa ko tsikari. Shi ya sa ake son wuyan hannu ya miƙe, gwiwar hannu ta yi daidai da tebur, ƙafa na ƙasa. Bayan kamar minti 30 a tashi, a buɗe yatsu a rufe, a juya kafaɗa. Wanda hannunsa ke mutuwa har cikin barci ya je gidan likita, kada ya tsaya shafa mai kawai.

Ku shafa haruffan F da J, za ku ji ɗan tudu a kansu. Nan manuniya biyu suke zama, sauran yatsu su jeru a gefe, kowa da aikinsa. Ko an juya madannan zuwa larabci tudun yana nan, a kan ba'un da ta'un. Mu fa aikinmu biyu ne, faransanci da larabci, don haka sa'a ɗaya a mako ba ta isarmu.

Ga roƙonmu ga shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Teburan nan na manya ne, ƙannenmu sai sun ɗaga hannu sama kafin su kai. Kafinta zai iya rage musu ƙafa a yini ɗaya, ko a samo benci mai tsayi. A riƙa buɗe ɗakin ranar Alhamis da yamma, malami ɗaya ya zauna da mu. A kuma raba lokaci da suna, domin in an ce kowa ya shiga, maza ke cika kujeru, ƴan mata su tsaya a baya suna leƙe.

Baɗi wasunmu za su nemi ci gaba da karatu, wasu kasuwa za su shiga. Kowannenmu zai buƙaci takarda bugaggiya, kuma ba ma son mu riƙa biyan wani ya buga mana sunanmu.