Ku juya salular baya, mu ga inda kuka tsaya

Ƴan uwa matasa, har yanzu akwai masu turo mana hotunan Abijan na lokacin CAN, suna rubutawa a ƙasa: "Dubi inda mutane suka kai, mu muna nan muna shan ƙura a Yamai." To, yau dai sai mun yi wannan magana.

Kowa ya tuna. Daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabarairu 2024, in ka buɗe Facebook ko TikTok ba abin da kake gani sai gadar Alassane Ouattara tana walƙiya tsakanin Cocody da Plateau, da filin Ebimpé mai cin mutum 60,000, da cocin Saint-Paul, da dogayen benaye a bakin ruwa. Daren da Giwaye suka doke Najeriya 2 da 1, garin ya zama kamar amarya. Ba na musun wannan. Masu hoton sun iya aikinsu, mutanen Kodibuwa kuma sun cancanci murnarsu.

Amma hoto gefe huɗu gare shi, kuma mai ɗauka shi ke zaɓen abin da zai shiga da abin da zai bari waje. Gada ana ɗaukarta ne da magariba, fitilu sun kama, sama ba ta gama duhu ba. Fili ana ɗaukarsa daga sama, inda mutum ya koma tururuwa, ba ka ganin takalminsa balle fuskarsa. Ku ɗauki Pyramide, benen nan na Plateau da wani Ba'italiye, Rinaldo Olivieri, ya zana aka gina a farkon shekarun 1970. Daga nesa, a hoto, abin alfahari ne. Matso kusa ka ga ginin da aka yi shekaru ana bari yana lalacewa. Hoton bai yi ƙarya ba, nisa kawai ya tsaya.

Ga kuma abin da bai shiga hoto ba. A cikin watan da ake buga ƙwallon nan, katafila ta shiga Gesco, a Yopougon. Daga baya ta bi Boribana a Attécoubé, da Banco 1, da kartiyen Abattoir a Port-Bouët. Ƙungiyar Amnesty International ta bi sawun rusau ɗin daga Janairu zuwa Yuni 2024: dubban iyalai sun rasa gidaje, shaguna da makarantu. Gwamnati ta yi alkawarin jika 250 ga kowane gida, amma watanni bayan haka da yawa suna nan suna jira. Mu nawa muka ga hoton mace zaune kan katifarta a tsakiyar ɓaraguzai? Mu nawa muka tura shi?

Kada wani ya ce mini "ina ruwanmu da Abijan". Tambayi ɗan Adar. Ƴan bidarmu da ke turo kuɗin hatsi da na ragon salla ba a benayen Plateau suke kwana ba. Suna Adjamé, suna Abobo, suna Attécoubé, suna Port-Bouët. Mai shayi, mai gadi, mai tallan takalma a kai: irin kartiyoyin da katafila ke nema, nan ne makwancinsu. Kai kana nan Tahoua kana danna "like" ga gada, ƙanen babanka yana can yana neman inda zai aje buhun kayansa.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce wuraren nan na haɗari ne, duk damina ruwa da zaftarewar ƙasa suna kashe mutane a Abijan. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar mutane su kwana bakin rami. Amma ceton rai yana da tsari: a sanar da wuri, a ƙirga mutane, a nuna musu inda za su koma, a biya su, sannan a rushe. In katafila ta riga diyya zuwa, wallahi ba rai ake ceto ba, fuskar gari ake sharewa.

Mu ma ai mun taɓa gani. A Disamba 2005 Yamai ta karɓi wasannin Francophonie, aka gina kartiye guda saboda baƙi, a shekarar da yunwa ta addabi Maraɗi, Damagaram da Tahoua. Wanka da gari ba ya maganin yunwa. Kafin taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019 kuma an yi sabbin otel-otel, an gyara filin jirgin Diori Hamani, hotuna sun yi kyau. Amma ku tambayi masu kiyos da aka tasa daga bakin gudurun tun 2016, nawa ne a cikinsu suka sake tsayawa da ƙafafunsu? Shi ya sa in na ji matashi yana cewa "a yi mana irin na Abijan", gabana ke faɗuwa. Ka tabbata shagon babarka ba ya cikin abin da za a share kafin a ɗauki hoton?

Ba cewa nake ku daina ɗaukar gine-gine ba. Ku ɗauka, gari mai kyau haƙƙinmu ne. Abu guda nake roƙo: duk lokacin da ka ɗauki gada, ko fili, ko bene, juya a inda kake tsaye ka ɗauki bayanka, ka sa su biyun tare. In mutum zai shiga ciki, nemi izininsa, tambaye shi tun yaushe yake nan, da abin da aka faɗa masa game da gobe. Rubuta sunan wurin da ranar. Ranar da hukuma za ta ce "ba kowa a nan dama", hoton salularka shi ne shaida.

An ce gani ya kori ji. Haka ne, in da idonka ka gani. In wani ne ya yanko maka abin da za ka gani, to dan Allah tambaye shi ina sauran.