Daga Malamin Makaranta: Wace Ƙasa Yaro Zai Nufa Neman Digirin Dakta?

A watan nan za mu duba wata tambaya da ta fara shigowa zangunanmu, tun daga Nima har Kumasi da Tamale, yanzu da 'ya'yanmu suka soma gama jami'a a fannin kimiyya. Tambayar ita ce, idan yaro yana son digirin dakta a fizis na nazari, wace ƙasa ya kamata ya nufa?

Ga iyayen da ba su san fannin ba, shi reshe ne na kimiyya da ke binciken ƙa'idojin da halittu ke tafiya a kansu, tun daga ƙwayar zarra har taurari, amma ta hanyar lissafi. Kayan aikinsa allo ne da alli da kwamfuta, sai kuma abin da ya fi su duka, wato malami da abokan muhawara.

To, a nan amsarmu take: a fara neman malami, ƙasa ta biyo baya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka yi ta zuwa Kete-Krachi, Alhaji Umaru suka je nema, wanda ya rasu a can a 1934. Haka yaro zai yi. Ya tsai da reshen da yake so, ya karanta rubuce-rubucen malaman reshen, ya rubuta musu, ya kuma tambayi ɗalibansu ko malamin yana da lokacin zama da su.

Kaɗaici shi ne babban abin tsoro. Abdus Salam na Pakistan ya koma Lahor a 1951 bayan karatu a Kambirij, amma ya rasa wanda zai tattauna da shi, dole ya sake komawa Ingila a 1954. Wannan ya sa ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe irin namu, ya kuma ci lambar Nobel a 1979.

Bayan malami sai tsarin karatu. A Amurka ana iya shiga da digirin farko, a yi kamar shekara 2 ana darussa da jarrabawa, duka-duka a kwashe shekara 5 ko 6, kuma galibi ɗalibi yana samun alawus ta hanyar taya koyarwa. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, kai tsaye cikin bincike, sai dai kuɗin makarantar baƙo yana da tsada ƙwarai idan babu tallafi. A Jamus da Faransa sai da digiri na biyu a hannu. Faransa shekara 3 ce, sau da yawa da kwantiragin albashi. A Jamus kuwa yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, kuma cibiyoyin Max Planck suna biyan ɗaliban dakta. Saboda haka yaron da tushensa bai yi ƙarfi ba, tsarin Amurka zai fi yi masa sauƙi, domin akwai lokacin cike giɓi.

Akwai kuma tsani a kusa da gida. Cibiyar lissafi ta AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe reshe a nan Gana a 2012, da wani a Limbe ta Kamaru a 2013, tana ba da digiri na biyu cikin shekara guda tare da tallafi. Ita ma ICTP tana da difloma ta shekara ɗaya mai shirya ɗalibi kafin dakta. Da rarrafe yaro kan tashi.

Yanzu ga jan kunne ga iyaye. Kada a sayar da gida ko fili, ko a cinye jarin uwa a kasuwa, don a biya kuɗin wannan digiri. A wannan fanni, wurin da yake son yaro da gaske shi ke ɗaukar nauyinsa. A nemi takarda a rubuce mai faɗin nawa ne alawus, na shekara nawa ne, a kuma auna shi da kuɗin hayar garin. Dokokin biza suna sauyawa, don haka a nemi ƙasashe uku ko huɗu lokaci guda, domin da sandar da ke hannunka kake jifa.

Game da masu tsoron yaro ya tafi ke nan, sai mu tuna musu da marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond. Ya sami dakta a Princeton ta Amurka a 1966, ya dawo ya koyar a jami'ar kimiyya ta Kumasi, ya kuma taimaka wajen kafa AIMS a ƙasar nan kafin rasuwarsa a 2017. Muna fata wata rana a samu irinsa daga cikin zango.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilmi mai amfani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.