Ɗaliban Unguwannin Hausawan Kudu da Horon Aiki a Gidajen Tarihi

Tun shekarar 1973 Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro shirin SIWES, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya karɓi takardar shaida. A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, idan lokacin wannan horo ya zo, akasarin iyaye kamfanin mai ko banki suke hange. Da wuya a ji an ambaci ɗakin karatu na jami'a ko gidan adana kayan tarihi, alhali suna kusa: ga ɗakin karatu na Donald Ekong a Jami'ar Fatakwal, ga na Nnamdi Azikiwe a Nsukka, ga Gidan Tarihin Haɗin Kan Ƙasa da reshen Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Inugu.

Wanda ya yi watanni shida a irin waɗannan wurare, idan an kula da shi, zai fita da sana'a. Zai iya tsara littattafai bisa ƙa'ida, da rajistar kayan tarihi, da ceto tsohuwar takarda daga danshi da gara, da ɗaukar hotonta a adana a kwamfuta. Kotuna da asibitoci da kamfanoni duk suna neman mai wannan ƙwarewa, domin babu ma'aikatar da ba ta tara takardu.

Yaran waɗannan unguwanni kuwa suna da jarin da takwarorinsu ba su da shi. Da yawansu sun tashi da Hausa da Ibo ko Turancin buroka, kuma makarantar allo ta ba su haruffan Larabci, mabuɗin karanta ajami. Akwai wasiƙun fatake da takardun cinikin shanu da goro da ke kwance a akwatunan gidaje, ba mai duba su. Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, amma matasa nawa ne a yau za su iya zuwa ma'adana su zaƙulo tarihinsa? Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun watsa iyalai tare da takardunsu. Abin da ya tsira, idan ba a tattara shi ba, zai bi dattawan da ke riƙe da shi.

Sai dai horon yana da nasa ciwon. Ɗaliban SIWES sun daɗe suna kukan ƙarancin alawus da jinkirin biyansa, wasu kuma aike da sharar kanta kaɗai suke yi har wa'adi ya cika. Ɗan mai ƙaramin ƙarfi ba zai jure kuɗin mota na wata shida a kan haka ba.

Saboda haka wannan jarida na kira ga ITF da ta biya alawus a kan kari, jami'o'i da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma su ba kowane ɗalibi mai kula da shi da rubutaccen tsarin abin da zai koya. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na garuruwan uku su ware ɗan tallafi ga 'ya'yansu masu wannan horo, su kuma buɗe musu akwatunan takardun gidajensu tun masu bayanin abin da ke ciki suna raye.