Karɓi Kawai, In Ka Shiga Sai Ka Canja?

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akwai wata shawara da ake yawan ji a Nahuce da Bunguɗu da Tsafe. Yaro ya nemi likitanci, sai aka ba shi ilimin halittu ko na sinadarai. Sai wani babba a gidan ya ce, "Da babu gara ba daɗi. Karɓi kawai, in ka shiga sai ka canja." Da kyakkyawar niyya ake faɗin wannan magana, amma a ganina ta jefa ɗalibai da dama cikin dogon jira.

Canjin sashe a kan kansa ba laifi ba ne, kuma ba ya ɓata wa ɗalibi takarda. A Amurka ma sai mutum ya gama digirin farko, a kowane fanni, sannan ya nemi makarantar likitanci. Mu kuwa tsarinmu daban ne. Karatun likita a Nijeriya shekara 6 ne, kuma daga sakandare ake shigarsa ta hanyar jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978.

Ga inda gizo ke saƙa. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ke yanka wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar. Ba don rowa take yin haka ba. Likita a gefen gadon majinyaci yake koyon aikinsa, saboda haka yawan gadaje da malamai a asibitin koyarwa shi ke auna yawan ɗalibai. Ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda 'ya'yan Zamfara suka daɗe suna dogaro da ita tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1996, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, babu wadda ta isa ta buɗe ƙofa yadda ta ga dama. Hasali ma, bayan aji ɗaya wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka likitancin tun farko ake sallama zuwa wasu sassa, idan makinsu bai kai ba. To ina ga mai jiran gurbi daga waje?

Wanda zuciyarsa ke kan likitanci yana da hanyoyi biyu da suka fi wannan tabbas. Ko dai ya sake zama jarrabawar JAMB da Turanci da fizis da kemistiri da ilimin halittu, ko kuwa ya tsaya ya kammala digirin da aka ba shi da sakamako mai daraja, sannan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ta biyun tana cin shekaru da kuɗi, ban musa ba, amma mutum yana fita da takarda a hannunsa ko da gurbin bai samu ba.

Malamanmu na sakandare, ku ne ya kamata ku fara wannan magana tun yara suna ajin farko na babbar sakandare, domin kiredit biyar, a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da ilimin halittu, su ne tushe ta kowace hanya aka bi. Wanda kuma Allah ya nufa ya sami canjin, ya tabbatar an shigar da shi a rajistar JAMB, domin tun 2017 da ta kawo tsarin CAPS, gurbin da bai bi ta hannunta ba hukumar ba ta san da shi ba.